Furen Takarda a Gidan Alhaji Zuberu

Ƙayar fure ce ta haɗa su. Ruhaina ta sauka daga trotro, motar haya, a bakin titin Kanda, inda masu sayar da furanni suke jera tukwanensu, tana sauri za ta kai wa wata mata ɗinki, sai ta ji an riƙe mata mayafi ta baya. Ta juyo baki cike da magana, don Ruhaina ba ta barin ta-kwana. Ba ta ga kowa ba sai wani reshe mai jan fure da ya leƙo ta saman waya.

Mai furen ya taso. Saurayi ne dogo, hannunsa duk ƙasa, ga murmushin da ba ta ga dalilinsa ba.

"Kar ki ja, zai yage," ya ce.

Ya tsaya yana zare ƙayar a hankali, ita kuma tana kallon titi kamar ba da ita ake ba. Da ya gama ta tambaye shi sunan wannan abu mara kunya. Ya ce sunansa na Turawa yana karya harshe, shi dai furen takarda yake ce masa, ta taɓa ta ji. Ta taɓa, ta ji kuwa kamar takarda.

"Ni kuma Fatawu, in kina neman wanda za ki kai ƙara."

"Ban tambaye ka ba," ta ce. Amma ta riƙe sunan.

Shagon ɗinkin Ruhaina a Maamobi yake, gidansu a Nima, babu abin da ya haɗa hanyarta da Kanda. Duk da haka daga ranar sai hanyar ta riƙa bi ta can. Kafin azumi ya kama, wayoyinsu sun san juna fiye da yadda ya kamata.

"Ruhina, kin tashi lafiya? Furanni sun ƙi buɗewa yau, wai sai kin zo."

"Mai ƙaya, ka daina yi wa furanni ƙarya. Ina zuwa bayan la'asar."

Tana son sa, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Tana son yadda ba ya gaggawa, da yadda yake sauraron maganarta har ƙarshe, abin da ba kowa ke iyawa ba.

Mutanen gidansu ma sun so shi tun zuwan farko. Gida ne babba mai 'yan haya, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, rigima iri-iri. Fatawu ya kawo wa Mma Sanatu, yayar mahaifin Ruhaina wadda ta raine ta, dashen na'a-na'a a gwangwani. Ya kawo wa Malam Mutawakilu, ɗan hayar da ya fi kowa daɗewa, ciyawar shayi. Ko Hamdia mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, wadda ba ta yabon kowa, ta ce yaron ya iya gaisuwa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne mai gidan. Alhaji Zuberu, mahaifin Ruhaina, tsohon direban babbar mota ne, abin da ya yarda da shi a duniya ƙarfe ne. Akwai kuma Zulkarnaini, mai shagon kayan gyaran mota a Abossey Okai, wanda shi ma yake neman Ruhaina, yake zuwa gaishe shi da mota mai sanyi. Alhaji ya ce ba zai zaɓa wa 'yarsa miji ba, amma ba zai miƙa ta ga yunwa da hannunsa ba. A ganinsa sayar da fure wasa ne, ba sana'a ba.

Ranar da Fatawu ya zo gaisuwa ta musamman, sai ya zo da kyauta a bayan a-kori-kura: ƙatuwar tukunyar siminti da furen takarda a ciki, kore shar, babu fure ko ɗaya. Ya ajiye ta inda rana take duka, ya ɗaure rassan a ƙarfen barandar Alhaji don su bi su hau.

Alhaji ya daɗe yana kallo.

"Wannan ce sana'ar? Ganye?"

"Zai yi fure, Baaba. Har sai ya rufe barandar nan."

"To. In ka san aikinka, ya yi fure kafin Babbar Sallah. In ya yi, ka turo manyanka. In bai yi ba, ka bar mini 'yata."

Fatawu ya amsa da sauri, har yana danne dariya, don a duk furanninsa babu wanda ya sani kamar wannan. A zaure ya yi wa Ruhaina bayani. Ya ce abin ba ya son gata. In ya sha ruwa ya ƙoshi, ganye kawai zai yi ta zubawa; sai ya ji ƙishirwa da zafin rana yake fure. Kada ta ba shi ruwa sai ta ga ganyen ya fara langaɓewa, shi ma kofi ɗaya ya isa. Ta ce ta ji. Babu wanda ya tuna cewa ba su kaɗai ne a gidan ba.

Alhaji ya yarje masa ya riƙa zuwa duba shukarsa ranar Juma'a bayan masallaci. Juma'ar farko Fatawu ya tsoma yatsa a ƙasar tukunyar, ya ji ta jiƙe. Ya goge yatsansa ya tafi. Juma'a ta biyu ma haka, ga rassa sun yi tsawo, ganye sai sheƙi yake kamar an shafa masa mai. Ya tambayi Ruhaina, ta rantse ba ta zuba ko ɗigo ba. Juma'ar da ta biyo baya ya tarar da ƙasar ta zama taɓo, yana fita kuma ya ga motar Zulkarnaini a ƙofar gida.

Mai soyayya ba ya rasa abin da zai haɗa ya tsorata kansa. Kafin ya isa Kanda ya gama yanke hukunci.

"Ruhaina, in kin canza ra'ayi ki faɗa mini da baki. Ba sai kin nutsar da furen ba."

Ta karanta saƙon a shago, allura ta soke ta. Ko Ruhina, sunan wasan da yake kiranta da shi, bai rubuta ba.

"Haka ka ɗauke ni? To zauna da tunaninka, Fatawu."

Suka yi shiru da juna. Shi ya yi ta datse rassan da ba su yi masa laifi ba, ita ta ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai. Ta ji zafin zargin ƙwarai, amma tsoro ya fi zafin yawa, don Sallah tana matsowa, abu kuma sai ƙara kore yake.

Wata rana ta ƙi zuwa shago. Ta zauna a ɗaki, ta ɗage labule kaɗan, ta zuba wa tukunyar ido.

Da aka kira azahar Mma Sanatu ta yi alwala, ta waiga hagu da dama, ta lallaɓa ta juye sauran ruwan butarta a tukunyar tana motsa baki. Ba ta daɗe da wucewa ba sai ga Malam Mutawakilu da tasa butar, shi har da tofi. Can kuma Hamdia ta fito da ruwan wankin shinkafa cikin roba, ta kwarara shi duka.

Ruhaina ta fito tana dariya, hawaye na zuba. Nan aka taru, kowa yana kare kansa. Mma Sanatu ta ce ta ga yarinyar ta yi sakaci da abin da aurenta ya rataya a kansa, shi ya sa ta ɗauki nauyin. Malam ya ce ruwan alwala albarka ne, sau biyar yake zubawa bai taɓa fashi ba. Hamdia ta ce ita dai ba ta son mai motar nan ko kaɗan, kraa. Kowa ya ɗauka shi kaɗai ne yake taimakon a ɓoye. A gidan da ake sayen ruwa galan-galan, ake kuma faɗa a kansa, ashe kowa yana rage nasa saboda ita.

"Mai ƙaya, na kama ɓarayin. Masoyanka ne. Zo ka ba ni haƙuri."

Ya zo, ya ba ta, har ya yi yawa. Ta bar shi ya ɗan sha wahala kafin ta yi murmushi.

Daga nan gida ya juya. Masu zuba ruwa suka koma masu gadi. Sai dai lokaci ya ƙure, damina kuma ta sauka a Accra. Tukunyar ba ta ɗaukuwa, rassan sun riga sun kama ƙarfe, don haka Fatawu ya kawo leda babba. Da hadari ya haɗu sai ka ji Mma Sanatu tana kiran a rufe fure kafin ma a kwashe shanya. Da rana ta fito a buɗe. Alhaji yana zaune a barandarsa yana kallon wannan hidima. Zulkarnaini kuwa da ya ga har Hamdia ta daina sa masa ƙwai a waakye, sai ya gane inda gidan ya dosa, ya rage zuwa.

Ganye ya fara langaɓewa, amma fure shiru.

Ranar jajiberin Sallah gida ya watse. Mata sun tafi Kasuwar Malam Atta, maza sun tafi wajen raguna, Ruhaina tana shago, masu kayan Sallah sun tsaya mata a kai. Da rana tsaka sama ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

"Babu kowa a gida," ta rubuta wa Fatawu.

Ta bar keken ɗinki ta fita da gudu. A bakin lungu suka haɗu da Fatawu, shi ma jiƙe sharkaf, suka faɗa gidan tare.

Iska ta yi gaba da ledar. A gaban tukunyar Alhaji Zuberu ne tsaye, ya kifa lemarsa a bakinta ya riƙe da hannu biyu, ruwa yana dukan bayansa, hularsa ta lanƙwashe.

"Baaba, za ka yi mura," Ruhaina ta ce.

"Kar wani ya ce na ci da zalunci," ya ce, bai kalle ta ba.

Fatawu ya karɓi lemar. Ya duba rassan ɗaya bayan ɗaya, ya sake dubawa. Babu komai, ko ɗan ja. Ya juyo wajen Alhaji.

"Bai yi ba, Baaba. Gobe ma ba zai yi ba. Na yi alkawari, zan cika."

Alhaji ya share ruwan fuskarsa.

"Ni ma na zuba masa," ya ce. "Da asuba. Ba na iya ganin abu mai rai yana ƙishirwa a gidana." Ya dubi 'yarsa. "Tsoro nake ji ta wahala, shi ke nan. Amma mutanen gidan nan ko ni ba sa bar wa ruwa, sun bar maka. Ka gaya wa manyanka su zo da goro bayan Sallah."

Ruhaina ta rungume shi a jiƙensa tana kuka. Ya ce ta sake shi, ana kallo, alhali babu mai kallo sai Fatawu, shi ma idonsa ya cika.

An ɗaura aure bayan damina ta wuce, a masallacin unguwa. Hamdia ta dafa waakyen da har Maamobi aka ji labarinsa. A makon bikin furen takarda ya buɗe, ja wur tun daga bakin tukunya har saman baranda, Alhaji kuma ya yi ta jan baƙi yana nuna musu aikin surukinsa.

Da za a tafi da amarya, Mma Sanatu ta kama hannunta ta sa a na Fatawu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku haƙuri da juna, ya cika muku gida da zuriya mai albarka."

Tsakar gida ta amsa da amin, muryar Alhaji ta fi ta kowa ƙarfi.