Hoton da Ya Isa Keita

"Kwanta! Kwanta na ce, ɗan banza!"

Ango mai gadi ya zube rub da ciki. Rana tsaka ce, Juma'a, Madawa duk tana masallaci. Mutum uku suka faɗa kantin Alhaji Idris mai injinan ban ruwa, suka ja ƙofa. Ƙaram!

Tsoho ne uban tafiya, bindiga a hannu. Harisu ya bi Ango da igiya. Na ukun Faruƙ ne, ɗan ƙanwar Alhajin, wanda ya kafa kamarar kantin da hannunsa. Rawani ya rufe masa fuska. Mai gyaran waya ne da kwaɗayi ya ja shi cikin manyan ɓarayi, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. Tun a hanya Tsoho ya gaya masa: in kamarar nan ta tona su, shi zai fara mutuwa.

"Ga ta can tana kallonmu," in ji Harisu. "In hwashe ta?"

"A'a!" Faruƙ ya ce. "In ta mutu, wayar Kawu kuka take yi nan take. Katin da take ajiye hoto na zare shi tun jiya. Ku bar ta yadda take."

Gaskiya ya faɗa. Alhaji mutum ne mai son komai babba. Ya sa an kai girman hoton ƙarshe, wai sai ya ga tsagar fuskar ɓarawo. Rezon kantin kuwa, wato intanet ɗinsa, bai da ƙarfin ɗaukar wannan kaya. Duk sa'ad da ya buɗe wayarsa, sai wani zobe ya yi ta juyawa a allo, hoto bai zo ba, har ya gaji ya rufe.

Tsoho ya leƙa kwamfutar da ke kan tebur. Sai ga kansa tangaram, har tabon bayan hannunsa. Ya juya ga Faruƙ.

"Kai! Mi ne na wanga? Rage shi!"

"Maigida, in anka rage—"

"Rage shi na ce! Shi dushe, kar a gane kowa!"

"Nauyinai ne ka hana shi tahiya. Wallahi in—"

Bakin bindiga ya sauka a ƙeyarsa, sanyi ƙalau.

"Wayo za ka yi man? So kake kawunka shi gan mu da kyau?"

Faruƙ ya zauna gaban kwamfutar. Ya buɗe shafin saiti. Ya sauke girman hoton. Ya rage yawan hotunan da take turawa. Ya rage nauyin. Ya danna. Fuskokin suka dagule kamar an shafa musu kunu.

"Yawwa," in ji Tsoho. "Ka ga aiki."

Faruƙ ya san abin da ya yi. Kayan da ya fi ƙarfin jaki an rage shi, yanzu jaki zai tashi.

A Keita, Alhaji Idris ya fito masallaci, ya je ta'aziyyar wani abokin ciniki ne. Ya ciro waya don sabo, bai sa ran komai ba. Babu zobe. Ga kantinsa, hoto dishi-dishi amma yana motsi sumul. Mutum ɗaure a ƙasa. Biyu na jan injina zuwa ƙofar baya. Ɗaya zaune gaban kwamfuta, ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi!"

Ya kira jandarmomi.

Su kuwa sun loda mota, sun kama hanyar Buza. Harisu na tuƙi yana dariya. Faruƙ na baya tsakanin injina, yana karanto duk addu'ar da ya iya, rabi ta ɓace masa. Ya so ya yi tsalle ya dira. Tsoro ya riƙe shi.

Kafin gari, a kan gangara, mota ta gitta hanya. Kaki. Bindigogi.

"Jandarma! Juya! Juya!"

Harisu ya murɗa sitiyari, taya ta faɗa kwazazzabo. Gau! Ya buɗe ƙofa ya ɗaga hannu sama, yana ihu: "Kar ku halbe ni! Direba ne ni! Ga shugaban nan!"

Tsoho bai ko dube shi ba. Ya juyo baya, idanunsa jajur.

"Kai ne ka sayar da mu."

"Na hwaɗa maka! Kai ka ce in rage—"

Tau! Faruƙ ya kife tsakanin injina.

Harsashi na biyu na jandarma ne, ya sami Tsoho a kafaɗa, bindigar ta faɗi. Suka danne shi a kan duwatsu.

Injina ba wanda ya ɓata. Ango ya kwana asibiti ya warke. Tsoho da Harisu suna gidan kaso, ba mai yi wa wani magana.

Da la'asar ɗin ranar nan Alhaji ya iso Buza. Shugaban jandarmomin ya ɗage zanen da aka rufe gawar, ya ce, "Alhaji, ka san shi? A waya ka ce ba a ganin huskoki."

Alhaji ya durƙusa.

"Ba a gani," ya ce. "Amma ni na goye shi. Tun daga zamanai na gane shi. Na ji kunyar in ce muku ɗana na ciki, ku yi a hankali. Sai na yi shiru."

Ya gyara wa yaron rawani, ya ciro waya. Sunan ƙanwarsa na kan allo, tana ta kira.