Kwalba Mai Gulma

"Ke ce! Ke kika saka min ɗan leƙen asiri a ƙarƙashin matashina!"

Iya ta dangwarar da kwalbar maganin hawan jininta a kan tebur. Bene ta hawo tana haki har wannan ƙaramin ofis na jami'a, ko sallama ba ta yi ba.

Dakta ta miƙe da sauri. Siririyar yarinya ce, malamar jami'a, aikinta shiga gidaje tana binciken yadda mutane ke shan magani idan idon likita ba ya kansu. Ita ce kuma wadda ɗan Iya, Auta mai kantin magani, ya kafe sai ita zai aura.

"Sannu Iya... zauna ki huta mana."

"Ban zo zama ba! An ce murfin nan kunne gare shi, duk abin da na faɗa a ɗakina sai ya kwaso miki. Tun ba ki shigo gidan ba kin fara nuna min bariki?"

"Wa ya faɗa miki haka?"

"Wadda ta fi ki ƙaunata!"

Shagwaɓa ke nan, 'yar maƙwabciyar Iya, mai taya Auta tsaron kanti, wadda ta daɗe tana harinsa.

Dakta ta kwance murfin, ta juya cikinsa. Wani ɗan abu ne a manne, bai kai farce ba.

"Ba ya ji, ba ya gani, Iya. Abu ɗaya ya iya: idan an buɗe kwalbar, sai ya riƙe lokacin. Na yi miki bayani ranar da na kawo ta, kika ce kin yarda."

Iya ta ja tsaki. Ranar ai ba bayani take saurare ba, yarinyar take ƙare wa kallo, tana neman abin kushewa.

Amma son jin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfin fushinta. Ta karɓi murfin, ta kai shi kusa da ido, ta girgiza shi a kunne.

"Wannan ɗan mitsitsin? Ba baki ba hanci? To me munafukin ya ce miki a kaina?"

"Ya ce kina buɗewa da safe, yadda likita ya ce. Sai kuma da yamma a sake buɗewa." Dakta ta rage murya. "Abin ya hana ni sukuni, Iya. Da ke ke shan na biyun, da tuni jiri ya kayar da ke. Wa ke sha?"

Sai ga Iya a kan kujerar da ta ce ba za ta zauna ba.

"Uwar Shagwaɓa ce," ta faɗa da ƙyar. "Kanta ke sarawa, tana ganin duhu-duhu. Ta rantsar da ni kada 'yarta ta ji. Ciwonmu ɗaya, me zai hana maganinmu ya zama ɗaya?"

"Ciwon kai dangi ne da shi, Iya. Wataƙila nata daban ne, sai an auna ta. Ke kuma naki ya ƙare da wuri, ki zauna babu."

"To ai kin riga kin kai wa Auta, ko? Shi ya sa yake ta cin magani, abinci ma sai na yi da gaske."

Idanun Dakta suka ciko.

"Ya lura maganinki na saurin ƙarewa, ya tambaye ni. Na ce abin da na gani a gidan mutum amana ne, ko da mahaifiyarsa ce. Ya ce tun ba a yi aure ba na fara ɓoye masa abu... Ya daina ɗaukar wayata."

Iya ta saki baki tana kallonta.

Ta ga surukai iri-iri a duniya, masu kai wa miji labarin ko tari uwarsa ta yi. Ga wata an miƙa mata sandar duka, ta gwammace ta rasa mijin.

"Ɗauki mayafinki."

"Iya..."

"Na ce ɗauki!"

Kantin cike yake da masu saye sa'ad da suka shiga, Iya riƙe da hannun Dakta. Auta na miƙa wa wani maganin tari, ganinsu ya sa kwalin ya suɓuce masa. Shagwaɓa ta taso da murmushi.

"Lah, Iya! Kin kawo ta ta amsa laifinta?"

"Ke, rufe min baki! Kin iya jin maganar murfi, amma ba ki jin nishin uwarki ta bayan katanga? Wuce gida ki dubi idonta da kyau, gobe ki kai ta asibiti!"

Shagwaɓa ta fita jiki a sanyaye.

Iya ta juyo kan ɗanta.

"Maganin ni na raba shi, da hannuna. Yarinyar nan ta ga alama, ta rufa min asiri. Kai kuma da ƙaton kanka ka yi mata sakayya da gaba!"

Auta ya zagayo daga bayan teburin kantin.

"Hasken idona... wallahi tsoro ne ya rufe ni. Na zaci Iya na cutar da kanta."

Dakta ta kawar da kai, amma murmushi na neman ƙwace mata.

"Ko sau ɗaya ba ka kira ba."

"Kullum sai na danna lambarki, kunya ta hana ni, rabin raina."

"Rabin ran naka da ka bari yana ramewa?" Iya ta katse shi. "Ku shaida, jama'a, wannan ce surukata, ba ni da wata. A sa rana, na amince!"

Masu saye suka ɗauki shewa. Iya ko murmushi ba ta yi ba. Ta jawo kujerar Auta ta zauna a tsakiyar kanti, ta harɗe hannu.

"Amma hawayen da yarinyar nan ta zubar ba zai tafi a banza ba. Ba wanda za a sayar wa ko auduga sai an ba ta haƙuri a gabana. Auta, da kai nake. Buɗe baki, muna jin ka!"