Ranar da Auta Ta Kama Bakinta

Auta tana falo tana goge wa mijinta rigar fita, sai ga shi ya shigo daga shago, garin katako har a gashin ido. Kafinta ne, hannunsa da kyau, zuciyarsa ta fi hannun, sai dai Allah Ya yi shi da i'ina. Kalma takan maƙale masa a wuya kamar ƙayar kifi.

"Yi wanka mu tafi, Baba yana jiranmu," ta ce.

"A-ajiye dutsen gugar. Ba ni zuwa."

"Saboda Yaya? Rabu da ita, bakinta ne ba linzami."

Yayar tata kuwa gwanar tsokana ce. In ya tsaya a tsakiyar magana sai ta ce, "Netwok ya ɗauke," ɗaki ya kwashe da dariya. Shi ya sa Auta ta koyi dabara: kafin ya buɗe baki ta riga ta amsa. A tambaye shi aiki, ta ce alhamdulillahi. A ba shi ruwa, ta ce ya gode.

"Ba Yaya ba ce," ya ce a hankali. "Da-dariya na saba da ita tun ina yaro. Ke ce. Ina fara magana a gidanku sai ki sunkuyar da kai, ki ƙwace maganar. K-kunyata kike ji. Ba zan ƙara taka inda matata take ɓoye ni ba."

Ta so ta ce tausayi ne, bakin ya ƙi. Ta san gumin da ke keto mata in idon 'yan'uwanta ya koma kanta, kamar suna cewa, duk iyayinki wannan kika samo? Ashe ba shi take karewa ba, kanta take karewa. Ta zauna a hannun kujera ta yi kuka mai isarta, sannan ta share ido da gefen zani.

"Ka bi ni yau kawai. In na sake, kada ka ƙara bina."

Suka tarar da gida cike. Baba yana kishingiɗe a doguwar kujera, Umma da Yaya suna gefe. Kafinta ya durƙusa ya ce, "Baba, i-ina so in... in..." Shi ke nan, kalma ta tsaya. Jijiyar wuyansa ta tashi.

Harshen Auta ya yi ta ƙaiƙayi. Ta cije shi, ta ɗaga kai, ta zuba wa mijinta ido.

Yaya ta zungure ta. "Tafinta, yau kina hutu ne? Fassara mana."

"Ba baƙon yare yake yi ba, Yaya. Mai kunne ya jira. In kina sauri, ga ƙofa can."

Umma ta harari Yaya.

Kafinta ya ja numfashi. "I-ina so in yi maka godiya. Tun da ka ba ni Auta, ban ta-taɓa yi da bakina ba."

Baba ya tashi zaune, ya dube shi. "Ni kuwa na ɗauka ba ka son hira da tsofaffi ne. Taso nan kusa da ni, ɗana."

Suka yi ta hira har shayi ya huce a kofi. Ya maƙale ba sau ɗaya ba, Baba ya jira shi, ba wanda ya mutu don jira. Auta kuwa tana zaune ƙirji a buɗe, ji take kamar ta leƙa titi ta ce wa masu wucewa, wancan mai maganar mijina ne.

Da za su tafi Yaya ta rako su bakin get tana susar kunne. "Sori, surukina," ta ce. Ya yi murmushi, ya amsa mata da kansa.

To 'yan mata, ku ji da kyau. In gumi ya keto muku a gaban mutane saboda wanda kuke so, ku tsaya ku tambayi zuciyarku, wa nake rufa wa asiri, shi ko ni? Mutane inda kika kalli mijinki nan suke kallonsa. Kika sunkuya, su taka shi. Kika ɗaga kai, su matsa su ba shi wurin zama.