Yatsun Auta

"Rufe idonki," ya ce.

Auta ta rufe.

"Idan kin ji na taɓa ki, ki faɗa."

Ta ƙirga numfashinta, sannan ta ce, "Na ji... a babban yatsa."

"Ban taɓa ki ba."

Ta buɗe ido. Hannuwansa duka biyu suna kan gwiwarsa.

Likita take kiransa, duk da 'yan gidansu ba su yarda likita ba ne. Aikinsa gyaran gaɓoɓi da hannu, ba allura, ba wuƙa. Wata maƙwabciya ce ta kawo ta wurinsa lokacin da almakashi ya fara suɓuce mata a shagon ɗinki, yatsunta uku na dama suna zugi kamar ana tsira musu ƙaya. Ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Yana daidaita mata wuya da gwiwar hannu, yana murza ƙananan ƙasusuwan a hankali, ya ba ta abin ɗaurewa idan za ta kwanta. Da farko ta samu sauƙi sosai. A tsakanin nan zuciya ta yi nata aikin.

Yanzu ya jera tafukanta biyu a kan farin ƙyalle. Naman gindin babban yatsan dama ya lotsa.

"Tun yaushe, Auta?"

"Ya ɗan jima..."

"Kullum na tambaye ki, sai ki ce da sauƙi! Ban gaya miki ba, ranar da jin ya fara ɗaukewa, aikina ya ƙare, sai tiyata?"

Hawaye ya zubo mata.

"Idan ka tura ni asibiti, a ina zan riƙa ganinka, masoyi?"

Gaskiya ta faɗa. Yayanta, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar babansu, ya kore shi ranar da ya je neman izini. "Mai tausa! Wanda ke wuni yana taɓa matan mutane ne zan ba ƙanwata?" Wajen magani kawai ya bari ta riƙa zuwa, shi ma don Umma ta sa baki.

"Kuma sakatariyarka ta ce..." Auta ta haɗiye kuka. "Ta ce duk wadda aka yanka wa wurin nan, hannun mutuwa yake yi. Ta ce mamarka ba za ta karɓi musaka ba."

Ya miƙe tsaye. Sakatariyar 'yar ƙanwar mamarsa ce, wadda dangi suka daɗe suna yi masa sha'awarta. Ya buɗe ƙofa da ƙarfi. Kujerarta wayam, jakarta ma babu.

Kafin la'asar labari ya isa kunnen Yaya, amma a juye: wai Likita ya san hannun na lalacewa, ya ƙi sallamarta don ya ci gaba da ganinta.

"Wallahi ba haka ba ne, Yaya! Ni na ɓoye masa!"

"Rufe min baki! Ya cinye miki hankali, ya cinye miki hannu."

Yaya ya kai ƙara hukumar da ke kula da masu sana'ar. Aka rufe wurin aikin Likita har a gama bincike.

An yi tiyatar. Likitan asibiti ya warware bandejin, ya sa ta haɗa babban yatsa da ƙarami. Yatsan ya motsa kaɗan, ya tsaya.

"Zugin zai tafi," ya ce. "Amma jijiyar ta daɗe a matse. Kada ki sa rai da riƙe allura."

Umma ta juya wa bango fuska tana kuka. Auta ko ɗigo ba ta yi ba.

Ranar zaman hukuma ta fita ba da sanin Yaya ba. Ta tsaya gaban mutanen da ke bayan dogon tebur, hannunta rataye a ƙirji, ta faɗi komai. Likita na zaune a gefe, ya rame, kansa a ƙasa. Suka wanke shi daga zargin ganganci, amma shugaban zaman ya dube shi ya ce, "Aikinka ka gwada, ba ka tambaya kawai ba. Da ba sonta kake yi ba, da ka gano tun tuni."

Ta ga yadda maganar ta shige shi.

Bayan sati ya zo gidansu. Wannan karon Yaya bai kore shi ba, ya fice kawai ya bar su a falo.

"Na sallami sakatariyar," Likita ya ce. "Na gaya wa Mama ke zan aura, ko ta so ko ta ƙi. Ki aure ni, Auta. Zan kula da ke har ƙarshen rayuwata, zan ɗauko mai aiki, ba za ki ɗaga ko cokali ba..."

"Likita."

"Na'am, rabin raina?"

"Wane launin mayafi na saka?"

Ya ɗago da sauri. Sai a lokacin.

"Tun da ka shigo hannuna kake kallo," ta ce a hankali. "Da can fuskata kake kallo har ka manta abin da kake faɗa."

"Auta, ni na jawo miki..."

"Ka gani? Kullum da safe haka za ka tashi ka ga laifinka kwance kusa da kai. Ni kuma in ga nawa. Ba zan iya ba."

"Ina sonki, wallahi ina sonki!"

"Na sani. Ni ma haka."

Ya daɗe a zaune. Da ya miƙe, bai yi sallama ba. Ta ji ƙarar motarsa ta yi nisa har ta ɓace.

Yaya ya leƙo, muryarsa ta yi sanyi irin yadda ba ta taɓa ji ba.

"Auta... in bi shi in dawo da shi?"

Ta girgiza kai.

"A'a, Yaya. Ka dai je shago ka ɗauko min keken ɗinkina. Ka ba duk wadda za ta iya amfani da shi."