Hon Ɗin Malam Jumare

Rana ta yi ja a Tudun Wada, 'yan acaɓa sun fara raguwa a layin, hayaƙin girki ya kwanta a kan katangu. A tsakar gidan Malam Jumare, tsohon direban jirgin ƙasa, an ɗora kwamfutar Rauda a kan kujerar tsuguno. Rauda ce autarsa, ɗalibar jami'a, kuma ita kaɗai ke iya yi masa dariya a gaban idonsa ya ƙyale.

Ita ta sa masa wasan. Tun da ya yi ritaya ya zama mafaɗaci, abu kaɗan sai sababi, shi ne ta ce bari ta maido masa da jirginsa ko a allo ne. Wasan tuƙin jirgin ƙasa ne: ga layin dogo ya miƙe, ga tashoshi, kai za ka tayar, kai za ka tsayar.

Sai ga mutumin da ya tsufa yana jan taragai ya koma ɗan koyo. Yatsunsa masu kauri sai su danne maɓalli biyu lokaci guda. Ya nemi birki ya kunna fitila. Ya wuce tashar farko a guje, fasinjojin allo suna tsaye cirko-cirko.

"Baba, ka bar mutane a tasha!" in ji Rauda, tana riƙe ciki.

"Jirgin nan naku ba shi da nauyi. Jirgi a ƙugu ake jin sa, ba a ido ba."

"To ka ja wannan a hankali, shi ne birki."

"Ni za ki koya wa a hankali? Ina hon ɗinsa?"

Ta nuna masa. Inno, matarsa, ta leƙo daga madafa ta ce magariba ta kawo jiki, a kashe abin nan. Bai saurare ta ba. Ya ƙure sauti, ya danna irin dannawarsa ta da, wadda duk ma'aikatan reluwe suka san shi da ita: doguwa ɗaya, gajeru biyu, sai wata mai karyewa a ƙarshe kamar dariya. Ya yi murmushin da aka daɗe ba a gani ba.

Sai gidan ya yi tsit. Kaji suka daina motsi a akurki. Dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin Rauda, ya gangaro ya tsaya a gaban tabarmar da suke zaune. Malam Jumare ya ɗauka, ya juya shi a tafin hannu, murmushin ya gudu. Tsakuwar layin dogo ce, baƙa, tana warin man jirgi.

Daga ranar, kullum rana ta faɗi sai ruwan tsakuwa. Maƙwabta suka hau katanga, ba su ga kowa ba. Ana jin mace tana rarrashin yaro a bayan randa, a leƙa, babu komai sai sanyi. Kwamfutar da aka rufe aka tura ƙarƙashin gado ta riƙa kunna kanta, allon yana nuna jirgi tsaye a gaban wani kwalbati wanda babu shi a wasan.

Rauda kuwa ta daina cin abinci, ta daina dariya. Da almuru sai ta fito ba takalmi, ta riƙa tafiya a miƙe, ƙafa gaban ƙafa, hannuwa a buɗe, irin tafiyar yara a kan ƙarfen dogo. Wata magariba ta zare sakatar ƙofa ta nufi hanyar Kwangila, inda layin yake. Sai da maza suka taru kafin aka maido ta. Inno ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Malam Kailani aka ɗauko daga Tudun Jukun, dattijo mara yawan magana, wanda aka sani da ruƙiya. Da aka idar da sallar magariba ya zauna a bakin ƙofar ɗakin, ya fara karatu a nitse. Rauda ta sandare. Can ta ɗago kai, idanunta suka wuce malamin suka sauka a kan ubanta.

"Direba," ta ce. Muryar tsohuwa ce, busasshiya. "Na gane hon ɗinka."

"Wace ce ke?" in ji Malam Kailani.

"Mai kwalbatin gaba da Kwangila. Tambaye shi abin da Isiyaku ya gaya masa."

Malam Jumare ya jingina da bango. Isiyaku shi ne tsohon direban da ya koya masa tuƙi. Ya taɓa ce masa duk wanda zai ƙetare kwalbatin nan da magariba, ya danna hon tun daga nesa ya yi sallama, don mutanen ɓoye su janye 'ya'yansu. Shi kuwa lokacin ƙuruciya na ɗibarsa, ya ce camfi ne.

"Ya zo shiru," in ji muryar. "'Yata tana wasa a kan ƙarfe. Sai da ya taka ta ya wuce, sannan ya danna, yana yi wa gargaɗin Isiyaku dariya. Doguwa ɗaya, gajeru biyu. Ban ga fuskarsa ba, amma kunnena ya riƙe. Na bi jirage har suka daina wucewa. Sai ran nan na ji shi a tsakar gida, yana wasa da 'yarsa."

"Bai gan ta ba," in ji Malam Kailani. "Kuma yarinyar nan ba ta yi miki komai ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Tawa me ta yi? A kan ƙarfe na tsince ta, a kan ƙarfe zai tsinci tasa."

Malamin ya ɗaga murya da karatu. Jikin Rauda ya riƙa makyarkyata, tsakuwa ta zubo a kan kwano kamar ƙanƙara. Aljanar ta yi ƙara, ta ce tana ƙonewa, amma ta rantse ko za ta zama toka sai ta tafi da yarinyar. Jini ya fara ɗiga daga hancin Rauda.

"Tsaya, Malam!" Uban ya durƙusa. "Baiwar Allah, ni na yi. Ki ɗauke ni."

"Me zan yi da tsoho? Mutuwa hutu ce." Ta yi wata dariya mara daɗi. "Tun ranar ban ƙara jin muryar 'yata ba. Ka ba ni muryar taka 'yar. Kowa zai ji ta, ban da kai. Sai in bar maka ita."

"Kada ka amsa mata, Jumare! Ba a ciniki da su, ka bari in ƙarasa."

Malam Jumare ya dubi jinin da ke bin haɓar autarsa.

"Na yarda," ya ce.

Rauda ta yi atishawa ta sulale ƙasa. Tsakuwa ta tsaya. Wata iska mai warin man jirgi ta bi ta zaure ta fice, ƙofar ta rufe kanta. Malam Kailani ya girgiza kai cikin takaici, ya naɗe buzunsa.

Da aka yayyafa mata ruwa Rauda ta buɗe ido. Ta dubi uwarta, ta dubi ubanta a durƙushe, ta miƙa masa hannu. Malam Jumare yana jin shessheƙar Inno. Yana jin wani ɗan acaɓa yana rigima a bakin layi, yana jin ladan yana gyara lasifika. Leɓunan Rauda suka motsa, suka sake motsawa.

"Malam, ka amsa mata mana," in ji Inno. "Tun ɗazu take cewa Baba."

"Na'am," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Na'am, auta. Ƙara faɗa."

Ta ƙara faɗa. Ya zuba wa bakinta ido.