Rubutun Ƙasan Fim

Da faɗa Balkissa ta fara sanin Harouna. Shagonsa na tura fina-finai a waya yana unguwar Kirkissoye a Yamai, ta faɗo masa tana huci.

"Malam, fim ɗin Koriya mai rubutun Faransanci na ce ka sa min. Wannan ai Ingilishi ne!"

Kuskurensa ne, amma da ya ɗago ya gan ta sai gyaran ya fita ransa. "Ki riƙa tsayar da fim ɗin, kalmar da ta gagare ki ki turo min. Na yi zaman Ghana."

Wayo ne, ta kuma gane, amma ta karɓi lambar.

Fim ɗin na likitoci ne, mai dogon zango. Tana tsayarwa tana tambaya, har saƙonnin suka sauya salo.

"Ɗalibata, yau babu kalmar da ta gagare ki? Ni kewarki ce ta gagare ni."

"Malamina, yi haƙuri, an shiga da jarumin ɗakin tiyata."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Alhaji Illo ya ce atafau. "Mai tura fim? Aikinsa kashe wa 'ya'yan mutane ido. Kada in ƙara jin sunansa." Balkissa ta sha kuka, don ta riga ta kamu.

Shi kuwa Alhaji, yanar ido ta kusa makantar da shi. Da wasu baƙin likitocin ido suka zo Yamai, ta raka shi. A ranar, tafinta bai zo ba, likitan kuma Ingilishi kaɗai yake ji. Alhaji ya tsorata, ya laluba sandarsa zai koma gida.

"Baba, zauna," ta ce. Ta yi wa likita bayanin ciwon sukarinsa da magungunan da yake sha, tana mayar wa Baba amsa har hankalinsa ya kwanta. Aka yi aikin.

Da aka cire bandeji ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Ɗiyata, ina kika koyi yaren nan?"

"A ƙasan fim, Baba. Harouna ne sila."

Ya gyaɗa kai. "Ce masa ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure Alhaji ya kama hannun ango ya ƙi saki, hawaye na bin gemunsa.

"Na ce kana kashe ido, yaro. Ga shi yau da nawa idon nake kallonka. Na gode. Allah ya yi muku albarka."