Mai Amsa Kiran Barakatu

Ana gab da kiran magariba a Mahuta, Barakatu tana kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Na biyu ya fasa tulu. Mijinta Maitama ya zagaya bayan danga, bai ga kowa ba. Da ya taɓa dutsen, zafi gare shi kamar daga murhu aka ciro shi.

Kaka ce, ana tsinkar auduga. Tun ƙarshen damina labari ya iso cewa jirgin saman da ya ɗauko ɗansu Abdussamad daga karatun aikin gona ya faɗi yana shirin sauka, ya kama da wuta, ba wanda ya fita. Ba a kawo gawa ba. Barakatu ta ce ƙarya ne. Ita da ba ta taɓa faɗin sunansa ba don kunyar ɗan fari, sai ga ta kullum da almuru a bakin zaure tana kiransa.

Jifan ya ci gaba. Rannan 'yarsu Rabi'atu ta yanke jiki ta faɗi, ta rufe kai da hannuwa, tana wani irin gunji, jikinta yana ƙaurin hayaƙi. Maitama ya ɗauko Malam Ummaru daga Malumfashi.

Malam ya zauna kusa da kanta, ya daɗe yana karatu. Gida ya yi tsit. Can wata murya ta tsoho ta fito daga bakin yarinyar.

"Sassauta, Malam. Ƙuna ta ishe ni."

"Kai wane ne?"

"Mazaunin tsohuwar rijiyar gonarsu. Tun yana tatata nake bin Abdussamad. Tare muka tafi. Ni kaɗai na dawo."

"To me ka zo nema jikin ƙanwarsa?"

"Uwarsa tana kiransa. Shi ba ya iya amsawa, ni kiran yake jawowa. A sallace shi, ta bar kira, in tafi."

Malam ya ce, "Za a yi. Rantse ba za ka dawo ba."

Kafin ya rantse, Barakatu ta rarrafo. "Bawan Allah, ya sha wuya?"

Muryar ta ce, "Ya hango ƙasa ta taga, yana murna. Da jirgin ya karkata, mutane suka ɗau salati, shi ma ya yi. Bai jima ba. Na riƙe shi, Barakatu. Ƙarfina bai kai ba."

Aljanin ya rantse. Rabi'atu ta yi atishawa, jikinta ya saki. Ta buɗe ido, ta ga uwarta durƙushe, hawaye yana zuba.

"Inna, me ya faru?"

Barakatu ta jawo kanta ta rungume.

"Yayanki ne ya rasu."